Kawu da Kajin da Aka Binne a Mahuta

Ranar da Kawu ya rasu, kafin rana ta take tsaka gidansa na Narayi, a Kaduna, ya cika har bakin titi. Ba dangi ne suka fara cika shi ba, don yawancinsu suna can gida a kudancin jiha, sai washegari suka iso. Masu kiwon kaji ne. Wasu da takalman roba a ƙafa, wasu da dusa a gashin kai, kowa yadda labarin ya same shi.

Wata 'yar kasuwa 'yar ƙabilar Ibo, wadda ke sarar ƙwai tana kaiwa Sabon Tasha, ta shigo ko ɗankwali babu. Ba ta nemi kujera ba. Ta zube a ƙasa gaban matar Kawu, ta ɗora hannu a ka, tana cewa, "Baba ya tafi! Mama, wa zai sake yi mini faɗa?" Matan zumunta na coci da ke waƙa a ƙarƙashin rumfa suka yi shiru, sai da aka ɗaga ta suka ci gaba.

Can da la'asar wani Alhaji dillalin kaji ya ƙetaro gada daga wancan ɓangaren gari. Tsoho ne shi ma, da sanda yake tafiya. Ya tsaya a ƙofa. Sai ya ce wa matar Kawu, "Sannu da haƙuri. Mutumin nan ya fi shekara ashirin yana ɓata mini ciniki, amma ban taɓa kwana da haushinsa ba. Allah ya sa ya huta." Ya share fuska da bakin babbar rigarsa, ya juya. Ko ruwa bai sha ba.

Ina zaune a gefe ina kallonsu, sai na ga kowa yana riƙe da wani yanki na Kawu wanda ni ban sani ba. Na kuma tuna cewa 'ya'yana ƙanana ne. Idan ban rubuta ba, abin da za su sani game da shi bai wuce wani tsoho mai malafa a cikin hoto ba. Shi ya sa na zauna in rubuta. Akwai kuma abin da ya yi mini wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai bayan da aka binne shi.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, da shekara goma sha biyu tsakaninsu. Shi ya goya ta. Da mahaifinsu ya rasu shi ya ɗauko ta daga ƙauye ya kawo ta Kaduna, ya sa ta makaranta, shi kuma ya tsaya mata ranar da ta auri babana, wanda ke aiki a masaƙa a Kakuri. A gabanmu tana kiransa Kawunku. Idan su biyu ne sai ta ce Yaya, da wata murya da ba ta yi wa kowa.

Aikinsa malamin dabbobi. Duk unguwa Baba Likita ake ce masa, shi kuwa ba ya so. "Ni ba likita ba ne," yakan ce. "Ni ne mai riƙe wa likita ƙafar saniya." Amma idan kaza ta yi sanyi a Narayi ko Mahuta ko Rido, ba wanda ke tuna ofishin kula da dabbobi. Babur ɗinsa ake jira, wani tsoho da ake jin ƙararsa tun daga kwana.

Yana da hali ɗaya da na fi tunawa. Idan ya isa ɗakin kaji ba ya shiga nan take. Sai ya kashe babur, ya cire malafa, ya tsaya a waje ya karkata kai. Mai gida na ta zuba bayani, shi kuwa ya ɗaga hannu. "Bari in ji su tukuna." Ya ce kaji masu lafiya surutu gare su kamar kasuwa. Idan ya ji surutun ya yi ƙasa, ya riga ya san rabin abin da zai gani.

A ƙofar kowane ɗakin kaji da yake dubawa sai an ajiye baho da ruwan magani, duk mai shiga sai ya tsoma ƙafa. Ba ya ɗaga wa kowa. Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, Fasto ya zo gidanmu yi wa sababbin 'yan tsakin Mama addu'a, sanye da sabon takalmi baƙi mai sheƙi. Kawu ya tare ƙofa.

"Fasto, sai an tsoma."

"Haba Baba, addu'a fa na zo yi."

"Addu'ar ta shiga, ba na hana ta. Takalmin ne ban san inda ya taka ba."

Fasto ya dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. Ƙarshe ya cire takalmin da safa, ya naɗe wando, ya tsoma tsirarar ƙafa ya shiga. Shi da kansa ya ba da wannan labarin a wa'azin jana'iza. Mutane suka yi dariya da hawaye a fuska.

Faɗan da mai sarar ƙwai ke kuka a kai kuwa, a kan kiret ɗin ɗaukar ƙwai ne. Takan zagaya gidaje biyar ko shida da kiret ɗin takarda iri ɗaya, daga wannan ɗaki zuwa wancan. Kawu ya ce ba ƙwai kaɗai take ɗauka ba, har da kashin kajin kowa. Duk ranar da suka haɗu sai an yi. Ita ta ce Baba ya cika tsirfa, shi ya ce ta tsaya a bakin ƙofa a miƙo mata. Haka suka yi ta yi shekara da shekaru, kuma ko sau ɗaya Kirsimeti bai wuce ba tare da ta aiko masa da doya ba.

Da masaƙa ta tsaya, babana ya zauna a gida. Bai daɗe ba ciwo ya kama shi, ya rasu ina aji uku a sakandare. Mama ta rage da ni da ƙannena biyu da wani fili a bayan gidanmu na Mahuta. Kawu ne ya ce ta gina ɗakin kaji. Shi ya auna, shi ya zaɓi inda iska za ta riƙa ratsawa, shi ya koya mata allura da yadda ake sauya dusar katako. Ta fara da 'yan kaɗan. Bayan shekara biyar tana da masu ƙwai wajen ɗari biyar. Da su muke ci, da su muke zuwa makaranta. Mama ta yi ƙiba, ta dawo tana waƙa idan tana wanki.

Abu ɗaya suka kasa shiryawa a kai, agwagi. Mama tana da guda takwas, tun na babana ne, shi ya fara kiwonsu. Da safe su gangara rafin da ke ƙasan unguwa, da yamma su dawo su bi ta gefen ɗakin kaji suna kalen abin da ya zube. Kawu ya yi magana har ya gaji.

Wata rana yana shan kunu a tsakar gida na tambaye shi abin da agwagin suka yi masa. Lokacin an sake fara jin labarin murar tsuntsaye a rediyo. Ya ajiye kofin.

"Zauna ki ji. Cutar nan asalinta ba ta kaza ba ce. Ta tsuntsayen ruwa ce, irin waɗannan da ke sauka a fadama. A jikinsu zaune take lafiya, sau da yawa ko tari ba sa yi. Agwagwar gida ta je ta yi wanka inda suka yi kashi, ta kwaso ta kawo, ita ma tana tafiyarta garau. Sai abin ya shiga kaza. Farkon shigarsa bai san kan jikin ba. Ɗan atishawa, ƙwai ya ragu, ki ce sanyi ne. Amma daga wannan kaza zuwa waccan ƙwayar tana sauyawa, tana ƙara ƙwarewa. Ki tara mata ɗari biyar a ɗaki ɗaya, ai makaranta kika buɗe mata. Ranar da ta gama karatu, ki buɗe ƙofa da safe ki tarar da su a ƙasa."

Na ce, "To wadda ake faɗa a rediyo fa?"

"Wannan ta riga ta gama karatunta a wasu ƙasashe. Da takardarta ta iso."

Mama tana daga kicin tana jin mu. Ta ɗaga murya ta ce, "Agwagin maigidana ne, Yaya. Ba inda za su." Ya ɗauki kofinsa ya ci gaba da shan kunu.

Ina da shekara ashirin abin ya same mu. Na samu gurbin karatu, saura wata biyu in tafi. Ranar Talata da safe muka kwashe matattu bakwai. Mama ta ce zafi ne. Ranar Laraba suka haura talatin. Zankonsu ya koma shuɗi-shuɗi, fuska a kumbure, ƙafafu kamar an zuba musu jini a ƙarƙashin fata. Waɗanda ke raye sun tsaya cak, sun runtse ido, ba mai kula abinci. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba. Sai ƙarar kwanon rufi yana ɗaukar zafin rana.

Ko agwagin ne suka kawo, ko kiret, ko takalmin wani, har yau ba wanda ya sani. Kawu da kansa bai taɓa cewa agwagin ba ne.

Mama ta ja ni cikin ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce ta kira Alhaji dillali, ta ce masa za ta sayar da kajin ne don sun tsufa, gobe da safe zai zo da mota ya kwashe masu rai ya kai kasuwa.

"Kar ki kuskura Kawunku ya ji."

"Mama, ai ba su da lafiya."

"Na sani. Ke kika fi ni ido? Idan ya ji, ofis zai kira, su zo su kashe har wadda ba ta yi komai ba. Da me za ki tafi makarantar? Da me ƙannenki za su ci?"

Ta dafa kafaɗata. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta irin na ranar ba, ko ranar da aka kawo gawar babana.

Na zauna a bakin gado ina tunanin kasuwa. Keji kan keji, kajin kowa a haɗe. Mace ta sayi biyu ta kai gida ta saki cikin nata. Mai figa ya figa da hannu. Na san maƙwabciyarmu ma, wata gwauruwa mai 'yan kaji hamsin, a wurin Alhaji take saye. Da ƙarfe huɗu na ce wa Mama zan je koyon waƙa a coci. Na hau mota zuwa Narayi.

Na same shi yana wanke babur. Na faɗa masa komai ina kuka. Bai katse ni ba. Da na gama ya tambaye ni abu biyu kawai: launin zankon, da ko mun taɓa matattun da hannu. Ya kawo sabulu ya tsaya a kaina sai da na wanke har gwiwar hannu. Sannan ya ce, "Wuce cocin yanzu, ki yi waƙarki, mutane su gan ki. Ba ki zo nan ba."

Da na koma gida na tarar da babur ɗinsa a ƙofa. Suna tsaye a bayan gida, shi da ita.

"Wa ya faɗa maka?" in ji Mama.

"Wucewa na zo yi. Tun daga titi na ji shirun."

"Yaya, don Allah. Kwana ɗaya kawai. Ka yi kamar ba ka zo ba."

"Ba zan iya ba."

Ta durƙusa. Mahaifiyata, wadda ba ta durƙusa wa kowa sai a coci, ta kama ƙafar wandonsa. Ta koma yarenmu tana roƙonsa, tana kiran sunan mahaifiyarsu. Ya tsaya yana kallon katanga. Sannan ya zaro waya daga aljihu. Alhaji ya fara kira, ya ce kar ya kawo mota. Daga nan ya kira ofis, a gabanta.

Washegari ma'aikatan ofishin suka zo da fararen kaya da abin rufe hanci. Aka haƙa rami a ƙarshen filin. Kawu ya riga ya yi ritaya, ba dole a kansa, amma ya sa kayan ya shiga cikinsu. Na tambaye shi daga baya dalili. Ya ce yaran sababbi ne, ba su iya ba, za su wahalar da kajin. Har agwagin takwas aka haɗa. Shi ya kamo su da hannunsa a hanyar rafi.

Mama ba ta fito ba sai da aka rufe ramin. Ta tsaya a ƙofar kicin, ta ce da shi cikin Hausa, don ma'aikatan su ji, "Kai ka gina, kai ka rushe. Daga yau ba ni da wa."

Ya tura babur ɗinsa har bakin titi kafin ya tayar.

Sai a zaman makoki matarsa ta faɗa mini abin da ya faru da ya isa gida. Ta ce ya zauna a kan turmi da kayan jikinsa, ta kawo abinci bai taɓa ba. Tun daga ranar bai sake cin naman kaza ba. Mu duk mun ɗauka hawan jini ne ya sa ya daina.

Ban tafi makaranta a shekarar ba. Diyyar da aka ba Mama daga baya ba ta isa ta tayar da ɗakin ba, ita ma zuciyarta ta fita daga kiwo. Ta koma suyar ƙosai a bakin titi. Nakan tashi in yi mata niƙa, in zauna kusa da ita hayaƙi yana shiga mana ido, tana cewa, "Kin ga abin da Kawunku ya mayar da mu." Ni kuwa in sunkuyar da kai in ci gaba da juya ƙosai.

Kowace Asabar da hantsi sai ya zo. Ya kashe babur, ya zauna a bencin ƙofar gida, ya ce, "Ina gaisuwa." Mama daga ciki, da ƙarfi yadda zai ji, ta ce, "Ki ce masa ba na nan." In fito ina jin kunya. Shi kuwa ya ce, "To. Idan ta dawo ki ce na zo." Sai ya zagaya baya. Watannin farko wanke ɗakin kajin ya riƙa yi yana feshi, ɗakin da ba komai a ciki. Daga baya ya koma gyaran raga, da cire ciyawa, da toshe inda ɓera ya haƙa. Ya gama, ya wanke hannu, ya tafi. Ba ta taɓa aika masa ko ruwa ba. Ni nake satar kai masa.

Sau uku na ce masa zan faɗa mata gaskiya. Na ukun, a kan bencin nan, na ce ba zan iya ci gaba da kallo ba.

Ya ce, "Ke da ita rufi ɗaya kuke kwana. Ni ina Narayi. Fushin da take yi da ni, akwai titi tsakaninmu, yana shan iska kafin ya iso. Naki a ina zai sha iska?"

"Amma Kawu, ni ce na..."

"Ke kin faɗa. Ni na kira. Wanda ya kira shi ne mai laifi. Tashi ki kawo mini tsintsiya."

Na bi maganarsa. Ina so in ce biyayya ce. Gaskiya tsoro ne ya fi yawa, kuma na ji daɗi da ya ba ni wurin ɓuya.

Shekara huɗu aka yi haka. Har na tafi makaranta, shi ya raka ni tasha, ita ta yi mini sallama a gida don kar su haɗu. A coci ɗaya suke zuwa taron dangi, ta zauna wannan gefe, ya zauna wancan. Fasto ya sa baki, dattawan gida sun sa baki, ba abin da ya sauya.

Yadda suka shirya ba wani abin labari ba ne. Ina gida hutu. Wata Asabar bai zo ba. Mama ta leƙa ƙofa sau biyu, ta ce wai iska take sha. Asabar ta biyu ma bai zo ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ga ta dama gwaten acca, ta zuba a kula, ta ɗaura zanenta na fita. "Taso ki riƙe mini," ta ce, ba ta faɗi inda za mu ba.

Muka same shi kwance a falo, zazzaɓin taifot ya ramar da shi. Ta tsaya a kansa.

"Wa ya ce ka daina zuwa?"

Ya buɗe ido. "Ai kullum ba kya nan."

"To yau ina nan. Tashi ka sha."

Ta tallafo kansa, ta riƙa ba shi da cokali tana yi masa faɗa a kan rashin aikowa. Matarsa ta ja ni muka fita waje. Shi ke nan. Ba wanda ya ce yi haƙuri, ba wanda ya ce ya wuce. Bayan wata uku ta zuba 'yan tsaki ɗari a ɗakin da ya yi shekara huɗu yana share mata. Ba ta taɓa cewa ya yi daidai ba. Agwagwa dai ba ta sake saye ba.

Da cutar ta sake zagayowa a 'yan shekarun nan, ya riga ya tsufa, gwiwa ta hana shi hawa babur. Sai ya riƙa ɗaukar keke mai ƙafa uku yana bin ƙananan masu kiwo a Rido da Mahuta gida-gida. Ba wanda ya aike shi. Na raka shi sau ɗaya wurin wata matashiya da ta fara kiwo da abin da ta tara na aikin koyarwa. Mun makara. Tana tsaye a ƙofa da fanteka cike da matattu. Kawu ya cire malafa, ya daɗe yana kallon cikin ɗakin. Na ga hawaye yana bin gefen hancinsa.

"'Yata, kar ki taɓa su da hannu haka. Kar ki ba kare, kar ki jefa a rafi. Kar ki sayar da ko ɗaya." Ya mayar da malafarsa. "Kuma idan kina neman wanda za ki ji haushi, ga ni. Na saba."

A hanyar dawowa ya ce mini, "Cutar nan ta riga ta iya kaza. Duk dawowarta sai na ga ta ƙara iyawa. Addu'ata kar mu yi ta ba ta hannunmu har ta iya mutum."

Ciwon ƙarshe bai ja shi da yawa ba. Ya faɗi a tsakar gida da safe, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi kwana tara a asibiti. Mama ce ta kwana da shi duka taran. Ta hana matarsa, ta ce matar ta riga ta sha nata zaman da shi. Ba ya iya magana, amma idan ta fita sayen ruwa sai idonsa ya tsaya a ƙofa har ta dawo. A hannunta ya cika.

Mun kai shi gida aka binne shi kusa da mahaifiyarsu. Kwana biyu da dawowarmu Mahuta, ina taya Mama tsince wake a tsakar gida da yamma, na ji ba zan iya ƙara kwana da abin ba.

"Mama, ranar nan da kaji suka mutu. Ba wucewa Kawu ya zo yi ba. Ni na je Narayi na faɗa masa."

Hannunta ya tsaya a cikin tire. Ba ta ɗago ba.

"Kin ce koyon waƙa za ki."

"Na je daga baya. Shi ya ce in je."

"Shi ya ce kar ki faɗa mini?"

"E."

Na jira zagi, na jira mari, da na samu ko ɗaya da na ji sauƙi. Ta ture tiren gefe a hankali.

"Ke 'yata ce," ta ce. "Da kin faɗa, da na zage ki, in hana ki abinci, kwana biyu in huce. Uwa ba ta iya wuce haka. Shi kuwa shekara huɗu na cinye masa. Shekara huɗu yana zaune a bencin can, ina jin tarinsa, ina cewa ba na nan."

Na ce, "Ki yafe mini."

"Ba ke ba ce. Haka yake tun muna yara. In fasa tulu, ya ce shi ne." Ta goge ido da gefen zani, ya sake cikowa. "Ya ɗauka ya rage mini ne. Ka ji mutum. Ko tambayata bai yi ba."

Ta miƙe, ta dafa bango, ta nufi bayan gida don lokacin ba kaji ruwa ya yi. Ina jin ta tana tafiya tana magana da yarenmu ƙasa-ƙasa, irin faɗan da ake yi wa wanda ke kusa. Kalma ɗaya nake iya tsinta a ciki, tana ta maimaita ta. Yaya. Yaya.

Ubangiji ya ba ka hutu, Kawu. Mu kuma ya ba mu haƙurin da za mu iya ɗauka.